Tsuntsuwar Lenapir

"Saki! Don Allah ki saki!"

Sintamei na ihu tana sarar ruwa da filafilan hannu, ɗan kwale-kwalenta na itacen ambac marar nauyi yana rawa a ƙarƙashinta kamar zai kife. Can gabanta, a tsakanin busassun itatuwan da tafkin Baringo ya cinye, gaggafar mijinta ce a cikin ruwa har ƙirji. Farin kanta kawai ake gani da manyan fukafukanta, tana ɗagawa tana makawa, tana ɗagawa tana makawa, amma ta kasa tashi. Ƙafafunta na ƙasa, a damƙe da tarwaɗar da Sintamei ta jefa mata da hannunta.

A bayan tsuntsuwar kuma wani abu mai kama da gungume ya baro cikin ciyawa yana tahowa a hankali. Iska gabas take kaɗawa, shi kuwa yamma ya nufo.

"Sintamei!" Muryar surukinta ce, tsoho Lekesike, daga kan dutsen bakin ruwa inda yake wuni kullum. Yanar ido ta daɗe da rufe masa gani, amma kunnensa bai tsufa ba. "Wannan ba ƙarar ɗaukar kifi ba ce! Me ya same ta?"

"Ta faɗa ruwa, Baba! Ga kada a bayanta!"

"Kar ki kai hannu ƙafarta, za ta tsaga ki har ƙashi! Shiga tsakaninsu! Doki ruwa!"

Ta shiga. Ba ta san lokacin da ta wuce tsuntsuwar ba, sai dai ta ji bugun fiffike a kafaɗa kamar an make ta da taɓarya. Ta gicciya kwale-kwalen, ƙafafunta biyu na reto cikin ruwa yadda kowa ke zama a kan ambac, ta shiga dukan tafki tana zagin kadan da uwarsa da kakarsa. Idanun nan biyu suka tsaya suka dube ta. Sannan suka nutse.

Nutsewar ta fi ganinsa muni. Ta janye ƙafafu sama da sauri, kwale-kwalen ya karkata, ruwa ya hau mata har ƙugu.

Sai ga rurin inji. Wani jan jirgi ya yanko daga bayan itatuwa, ya zagaye ta yana tayar da kumfa, mai tuƙin yana buga gefen jirgin da sanda. Can nesa wata ƙatuwar wutsiya ta fito ta daki ruwa, ta koma cikin ciyawa.

"Matarmu!" Parsitau ya kashe inji yana haki yana dariya. Sa'an mijinta ne, rana ɗaya aka yi musu kaciya, don haka bakinsa ba shi da linzami a kanta. "Karin kumallo kika kawo wa kada? Na rantse da ya ci ki da ya yi ƙarar ki wurin dattawa, ƙashi zalla."

"Matsa min, sarkin surutu! Igiyar ruwanka za ta nutsar da ita!"

Gaggafar ta daina neman tashi. Ta juya ta fuskanci dutse, ta miƙa fukafukan gaba tare, ta ja ruwa baya. Ta sake miƙawa, ta sake ja, kamar mai tuƙi da filafili biyu. A haka ta yi ta zuwa, a hankali, kanta na nutsewa yana fitowa, har ta kai gaɓa ta ja jiki ta hau, jiƙe sharkaf. Sai a lokacin aka ga abin da ke ƙafarta: tarwaɗa mai tsawon hannun ƙato, da sandar ambac a soke a bakinta.

Dariyar Parsitau ta ɗauke.

"Yaya girmanta?" in ji tsoho, yana juya kai wajen ƙarar.



"Baba, da an dafa ta, gidanku da namu duk sun ƙoshi," in ji Parsitau.

Kowa a garin Kampi ya Samaki ya san ƙa'ida. 'Yar karfasa ake samu wadda ba ta wuce tafin hannu ba, a cusa mata guntun ambac don ta tsaya a saman ruwa, a yi fito, a jefa. Daga ƙololuwar itace, inda ɗan Adam ba zai bambance jirgi da dorina ba, gaggafa za ta hango ta, ta sako jiki, ta sure ta ko gashin cikinta bai jiƙe ba, baƙi su yi ta tafi suna ɗaukar hoto.

"Ƙarya kika yi mata, 'yata," in ji tsoho.

"Ni, Baba?"

"Ke. Idonta shi ne ma'auninta. Kifin da ya kwanta a saman ruwa ɗas, ta san marar nauyi ne, tun kakanninta haka abin yake. Ke kuma kika ɗauko dutse kika sa masa itace ya yi iyo kamar ganye. Ta yarda da idonta, ta yarda da fiton ɗana."

"Yunwa take ji, Baba," in ji ta. "Tun da namijinta ya ɓace ita kaɗai ke kwanci, ba mai kawo mata ko ƙayar kifi. Na ce bari ta ci sau ɗaya ta ƙoshi, ta koma kan ƙwanta. To da ta ji nauyi, me ya hana ta saki?"

"Ƙarƙashin yatsunta kaushi ne kamar magagari, saboda santsin kifi. In faratan suka shige suka rufe, magana ta ƙare. Ko ba ta iyawa ne, ko ba ta so, na tambayi ubana, shi ma bai sani ba."

"Halin gidan ne, Baba," in ji Parsitau. "Akwai wata ma da na sani, ta rungumi abin da ya fi ƙarfinta, tana nutsewa da shi, ta ƙi saki."

Sintamei ta watsa masa ruwa da filafili, amma idonta ya riga ya kai sama.

Gaggafar ta baje fukafukai ga rana. Jiƙaƙƙen gashi ba ya ɗaukar ta, dole sai ta bushe. Ko kallon tarwaɗar ba ta yi, kanta a ɗage, tana duban sheƙarta. Hankaki kuwa sun riga sun gane cewa yau ba mai gadi. Ɗaya ya sauka a reshe. Wani ya biyo shi.

Sintamei ta tuƙa kamar hannuwanta za su cire. Sheƙar na kan wata doguwar bishiyar ƙaya da ta bushe a tsaye cikin ruwa, ba wurin kamawa, ba wurin taka ƙafa. Ta yi ihu, ta jefa filafili ɗaya, ta jefa ɗayan, ta cire takalminta ta jefa. Hankakin suka leƙo suka dube ta, suka ci gaba da abin da ya kawo su. Jim kaɗan sai ga ɓawon ƙwai fari ya faɗo, ya kwanta a kan ruwa kusa da gwiwarta yana juyawa.

A kan dutse gaggafar ta jefa kai baya ta saki kukan nan nata da ake ji har tsibirin Kokwa. Ta tsaya tana jira. Ba wanda ya amsa.

Sintamei ta ɗauki ɓawon ta riƙe. Wannan bishiyar, a da, tsakar gidansu take. A gindinta ta saba tuƙa tuwon masara, a reshenta na ƙasa mijinta Lenapir ke rataye komarsa. Shekarar da tafki ya cika ya ƙi tsayawa, ya ci makaranta, ya ci coci, ya ci masaukan baƙi, ya shigo musu ɗaki da rana tsaka kamar an gayyace shi. Yanzu ɗakin nan yana ƙasa daidai inda take zaune, tarwaɗa na shiga ta ƙofa tana fita ta taga. Da gaggafun suka zo suka yi sabuwar sheƙa a kan bishiyar, Lenapir ya yi ta dariya, ya ce ko ba komai an samu masu tsaron gida.

Bayan haka ne baƙi suka ɗauke ƙafa, awaki suka ƙare, ya ce zai je arewa, tafkin Turkana, inda aka ce kifi ya fi mutane yawa. Ranar tafiyarsa a bakin mota ya kama hannunta, wanda ke sanye da irin dutsen adon da ta ɗinka masa, ja da shuɗi, ya ce, "Ki riƙe min tsuntsayena. In na dawo na tarar suna amsawa, na san ina da gida." Da farko yakan kira. Daga baya wayar ta riƙa ringi ba a ɗauka. Daga baya ringin ma ya daina. Damina biyu ke nan.

Parsitau ya kawo mata filafilanta da takalmi ɗaya. Wannan karon ba wasa a fuskarsa.

"Matarmu, kin san ranar kasuwa mai zuwa dattawa za su fito su gani da idonsu."

"Na sani. Kai ka kai maganar."

"Ni na kai, ba zan ɓoye ba. Ƙanena ya yi aure, ga jirgi, ba turke. Na jira abokina iya jira."

A tashar jirage ba suna ake dubawa ba, tsuntsu ake dubawa. Mutum na da turken ɗaure jirginsa da layinsa na ɗaukar baƙi muddin akwai gaggafar da ke amsa fitonsa. Ran da ta daina, an ba wani. Dattawa sun kawar da kai suna barin mace ta fita da shuɗin jirgin Lenapir don kawai tsuntsuwar na zuwa, ko da a makare. Gida na ƙarƙashin ruwa, garke babu, turken nan shi kaɗai ya rage a bayan ƙasa da ake cewa na Lenapir ne.

"Za ta amsa," in ji Sintamei.

"Allah ya sa. In kuma ba ta amsa ba, ni ina da ɗaki, ina da awaki, kuma ba na minshari sosai."

"Matarka ta ce ka fi inji."

Ya yi dariya, ya ja igiyar injinsa ya tafi.

Da la'asar gaggafar ta bushe, ta tashi ta bar tarwaɗar ga ƙudaje. Ta sauka a bakin sheƙa, ta leƙa ciki, ta daɗe tana leƙawa. Sannan ta koma wani reshe can gefe ta juya wa tafki baya.

Washegari Sintamei ta fito da 'yar karfasa daidai ƙa'ida. Ta sa yatsu a baki ta yi fiton: dogo, sannan gajere, sannan ɗan lanƙwasan ƙarshe mai kama da tambaya. Lanƙwasan nan bai taɓa fita mata daidai ba. Lenapir ya sha koya mata a tsakiyar tafki inda ba mai jin su, yana riƙe da haɓarta yana gyara mata leɓe, yana cewa, "Mace da fito! Tsohuwata ta ji, mu duka biyu za ta kora." Kullum sai iskar ta ƙare mata kafin ta kai wurin, kullum sai su ɓuge da dariya.

Ta jefa kifin. Ya yi ta iyo har wani zalɓe ya zo ya ɗauke. Gaggafar ko motsi.

Haka aka yi washegari, haka aka sake yi. Tsuntsuwar ta zauna a reshenta, kafaɗu a ɗage, gashin ƙirjinta ya dushe.

"Fiton ne ya jefa ta ruwa, ba ta manta ba," in ji tsoho, suna shan shayi da hantsi a ƙofar ɗakin kwanon da suke zaune a ciki tun bayan ambaliya. "Su ba sa mantawa da abin da ya kusa kashe su. Da suna mantawa da tuni sun ƙare."

"Da namijin zai dawo, Baba, da ta ci abinci."

"Wane namiji? Wancan ya tafi. Ko wayar lantarki ce, ko tsohuwar koma. Namijin gaggafa ba ya barin matarsa a kan ƙwai in dai yana numfashi."

Maganar ta fita kafin ya ji ta. Kofin ya tsaya masa tsakanin gwiwa da baki. Sintamei ta zuba wa wuta ido. Shayin ya huce, tsoho ya ajiye nasa bai sha ba, ya laluɓi sandarsa ya nufi dutse.

Ana gobe kasuwa, tana wanke jirgi, sai ta ji kukan. Gaggafar ce ta jefa kai baya, karo na farko tun ranar hankaki. Kafin kukan ya mutu sai wani ya amsa daga wajen tsibiri, siriri, mai kaifi.

Soso ya faɗi daga hannunta.

"Baba! Baba, ka ji? Ya dawo!" Ta hau dutsen da gudu, zaninta na ɗiga. "Ya dawo, na ce maka zai dawo!"

Tsoho ya karkata kai. Macen ta sake kira, aka sake amsawa, kusa wannan karon.

"Faɗa min ƙirjinsa."

Ta kare ido da hannu. Tsuntsun ya taho yana zagaye sama da bishiyar, ya fi macen ƙanƙanta kamar yadda mazansu suke. Kai fari, wutsiya fara. Amma a ƙirji akwai ɗigo-ɗigon ƙasa-ƙasa, kamar an fantsama masa laka.

"Akwai... akwai ɗan datti a jiki."

"Ba datti ba ne, rigar ƙuruciya ce bai gama tuɓewa ba. Tun daga muryar na ji. Saurayi ne, 'yata. Ba naku ba ne."

Macen ta tashi ta same shi a sama. Suka yi ta hawa suna zagaye juna har suka zama kamar ƙudaje biyu. Sai ta ga macen ta kifa ta juya ciki sama, ta miƙa ƙafafu, shi ma ya miƙo nasa, suka sarƙe farata. Suka taho ƙasa suna juyi kamar an wurgo tulu, suna zuwa, suna zuwa, sai da suka kusa taɓa ruwa suka rabu.

"Faɗa suke! Za ta kore shi!"

"Sun sarƙe ƙafa?"

"Sun sarƙe."

"To auna ƙarfinsa take yi. In ya saki da wuri ta kore shi. Ya saki da wuri?"

Sintamei ta bi su da kallo. Tsuntsayen biyu suka sauka a reshe ɗaya, a kan bishiyar tsakar gidanta, kafaɗa da kafaɗa, suka jefa kawuna baya tare.

"Marar kunya," ta ce. "Ɓawon ƙwan mijinta ma bai gama ruɓewa ba. Ni da na shiga gaban kada dominta!"

"Ita ba ta da daminar zubarwa. Wannan bakin ruwan nata ne, ita kaɗai ba za ta iya tsare shi ba. Gaggafun kudu sun fara leƙowa, na ji su tun shekaranjiya. In ta zauna jiran matacce, su ƙwace wurin, ita kuma ta mutu a kan reshe."

"Sai ka fito fili ka faɗa, Baba. Ka ce in koma ɗakin Parsitau."

Tsoho ya miƙa hannu yana laluɓe har ya samu wuyan hannunta, inda dutsen adon yake, ya riƙe. "Ban ce ki yi koyi da tsuntsuwa ba. Ɗana ne fa. Ke damina biyu kike jiransa, ni kullum a kan dutsen nan me kike tsammani nake saurara?"

Ta zauna kusa da shi. Suka yi ta sauraron baƙuwar murya tana amsa tsohuwa.

Ranar kasuwa tasha ta cika. Mata masu ƙyafaffen kifi sun baje tabarmi, masu jirage sun jeru a gaɓa, kowa ya bar cinikinsa ya zo kallon mace za ta yi fito a gaban dattawa. Dattawa uku suka shiga jan jirgin Parsitau, babbansu Lenguris, shugaban tasha, yana riƙe da kulkinsa. Sintamei ta shige gaba a shuɗin jirgin mijinta. Tsoho Lekesike aka zaunar da shi a kan turken da kansa, ya ce in za a ba wani sai an ɗaga shi tukuna.

"Matarmu, kin zo da tarwaɗa ko yau dorina za ki jefa?" in ji Parsitau. Gaɓa ta kwashe da dariya.

"Kai zan jefa, ka fi ambac rashin nauyi."

Suka tsaya nesa kaɗan da bishiyar, aka kashe injuna. Ta ɗauko karfasar, ta cusa guntun itacen. Ta ɗaga kifin sama ya yi walƙiya a rana. Ta yi fiton, dogo, gajere, lanƙwasan ya sake mutuwa a hanya. Ta jefa.

Kifin ya faɗa ya taso. Macen na kan reshe, ta kalle shi da ido ɗaya, ta kawar da kai.

"Sake," in ji Lenguris.

Ta sake. Bakinta ya bushe, abin da ya fito bai fi hucin tukunya ba. Wani a cikin dattawan ya yi gyaran murya. Parsitau ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar inji, ya kasa kallonta.

Sai reshe ya girgiza. Amma ba macen ba ce. Saurayin ne, wanda bai san fiton kowa ba, ya dai hango abinci kwance a banza. Ya sako jiki, ƙafafu a gaba.

"Wannan ba na Lenapir ba ne," in ji Lenguris. "In shi ya ɗauka, ba a lissafa ba."

Sintamei ta rufe baki da hannu. Saura ƙiris faratansa su taɓa ruwa, sai wata inuwa ta rufe shi daga sama. Macen ce. Ba wanda ya ga tashinta. Ta faɗo masa da dukan nauyinta, ta bangaje shi da ƙirji har ya yi tangal-tangal a iska, ta miƙa ƙafa ɗaya tak ta sure kifin, ruwa ya tsage fau, ta wuce ta saman kawunan dattawa har iskar fukafukanta ta kusa cire wa Lenguris hula.

Gaɓa ta ɗauki guɗa.

"Ba fito ta amsa ba!" in ji Parsitau. "Rowa ce kawai! Ta ga yaro zai ci abin gidanta!"

"An yi fito?" in ji Lenguris, yana gyara hularsa.

"An yi, amma..."

"An jefa kifi?"

"An jefa."

"Wa ya ɗauka?"

Parsitau ya yi tsaki, ya yi dariya, ya ɗaga hannu biyu. "Mata dai! Na ƙasa da na sama duk bakinsu ɗaya."

"Turke na Lenapir ne," in ji Lenguris. "A juya."

Sintamei ta ja igiyar inji. Ya kamata ta ji daɗi, ta kuwa ji, amma daɗin bai sauka har ciki ba. Ta san gaskiyar Parsitau. Ba ita tsuntsuwar ta amsa ba, kuma da ba don saurayin nan da ta yi fushi da zuwansa jiya ba, da yanzu turken ya tafi. Ta waiwaya. Macen na kan reshe, ta take kifin da ƙafa tana yaga da baki, ta fizge guntun ambac ɗin ta yar a ruwa. Saurayin na gefe yana jiran saura. Ƙasa da su, tafki ya kwanta lumui a kan rufin ɗakinta.

"Na riƙe maka," ta faɗa a hankali, ƙarar inji ta cinye maganar. "To ka zo mana."

Tana ɗaure jirgi a turke, mata sun kewaye ta suna shewa, tsoho na tambayar kowa a sake faɗa masa yadda aka yi, sai fito ya tsaga tasha.

Dogo. Gajere. Sannan lanƙwasan, cikakke, ya hau ya karya ya tsaya kamar tambaya.

Igiyar ta zame daga hannunta. Tsoho Lekesike ya miƙe tsaye ba sanda.

"Lenapir?" ya ce. "Lenapir!"

Can kan bishiya macen ta saki kifin da take ci, abin da ko a gaban kada ba ta yi ba. Ta taso kai tsaye, ba jinkiri, ba kallon gefe, ta zo ta yi ta zagaye saman tasha tana jefa kai baya tana kuka.

Sintamei ta kutsa cikin mutane tana ture su, ta taka tabarmar kifin wata, ba ta ji zagin da aka yi mata ba. A bayan taron, inda motar Marigat ke sauke mutane, wani dogon mutum na tsaye da jaka a kafaɗa, yana cire yatsu daga baki.

Ba shi ba ne.

Ya fi Lenapir tsawo, ya fi shi baƙi, da tabon yanka daga kunne har haɓa. Ba ta taɓa ganinsa ba. Amma a wuyan hannun da ya sauke akwai dutsen ado, ja da shuɗi, da ƙullin da ita kaɗai ke yin irinsa.

Mutumin ya ɗaga kai ya dubi gaggafar da ke zagaye a samansa, ya yi murmushi kamar wanda ya tarar da kayansa daidai. Sannan ya dubi dattawan da suka ƙaraso, ya gaishe su da harshe mai nauyin arewa.

"An ce min a nan turke na wanda tsuntsuwa ta amsa wa ne," ya ce. "Kun dai gani da idonku."

Lenguris ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Parsitau ya matso ya tsaya a gefen Sintamei, ba dariya.

"Wa ya koya maka?" in ji Sintamei. "Yana ina? Yana da rai?"

Baƙon ya sauke ido a kan wuyan hannunta, sannan a kan nasa. Ya ajiye jakar a ƙasa a hankali.

"Ke ce Sintamei," ya ce. "Ya ce lanƙwasan ba ya fita miki. Wannan ba maganar bakin ruwa ba ce, 'yar'uwa. Ki fara nuna min jirgina."

A bayansu tsoho na tahowa ba sanda, hannuwa a miƙe, yana laluben iska yana kiran sunan ɗansa.